Ku Gaida Mai Gida da Harshensa

Ƙannena da 'ya'yana, maza da mata, musamman ku da karatu ko bautar ƙasa ko neman na kai zai raba ku da gida, akwai wata kasala da girman harshenmu ya jawo mana, kuma ina so mu tattauna ta tun kafin ku ɗaura kaya.

Allah ya yi wa Hausa baiwa. Daga Agadas har Kumasi, daga Yamai har Garwa da Njamaina, har Mai Wurno can bakin kogin Nilu a Sudan, da wuya ka sauka a tasha ka ce "salamu alaikum, ina Hausawa suke?" ba a nuna maka hanya ba. BBC ta buɗe sashen Hausa tun 1957, daga baya Amurka da Jamus da Faransa da Sin suka buɗe nasu. Wannan abin godiya ne. Amma ita wannan baiwar ce ke sa saurayi ya sauka a Legas, ya zarce Agege ko Idi-Araba, ya sami masallaci da mai shayi da mai tuwo da sarkin Hausawa, ya shekara goma yana cin arzikin garin bai iya ce wa tsohuwar da yake haya a gidanta "ina kwana" da Yarabanci ba. In ya iya wani abu, to ƙirgen kuɗi ne da zagi biyu ko uku. Na san akwai 'ya'yan Sabo na Ibadan da na zangon Kumasi waɗanda in suna Yarabanci ko Tuwi ba ka raba su da 'yan gari, kuma ba da su nake ba. Da mu nake, masu zuwa da wayonmu, mu zauna cikin 'yan'uwanmu mu rufe ƙofa.

Ku dubi abin ta ɗaya gefen. Idan Bayarabe mai sayar da magani a Sabon Garin Kano, ko ɗan Ibo mai kayan gini a Ƙofar Ruwa, ya tarye ka da "Alhaji, sannu da zuwa, yaya iyali?", nan take zuciyarka ke sakewa. Har ka koma gida kana ba da labarin wane ya iya Hausa kamar jakin Kano, gobe kuma shagonsa za ka koma. Ba ka damu da ya ce "ta zo" a wurin "ya zo" ba. Abin da ya taɓa ka shi ne ya ɗauki harshen uwarka da daraja har ya wahala a kansa. To, wannan daɗin da kake ji, kowane ɗan Adam yana da irinsa a ƙirjinsa, kuma mu ma ana bin mu bashinsa.

Wani zai ce ai ga Turanci, ga buroka, ga Faransanci a Nijar da Kamaru, me ya yi saura? Gaskiya ne suna biyan buƙatar ciniki da ta aji da ta ofis. Sai dai mutum ba ya kuka da Turanci. Ranar da mahaifinsa ya rasu, ko ranar da aka yi masa haihuwa, harshen da aka yi masa reno da shi yake komawa, kuma wanda ya iya yi masa ta'aziyya ko barka da wannan harshe, ko da jimla ɗaya ce a karkace, ya shiga wani ɗaki na zuciyarsa da abokin ciniki ba ya shiga. Haka nan manhajar fassara da ke cikin wayoyinku: tana da amfani wajen karanta allon hanya da takardar magani, amma ba ta san cewa dattijo ne a gabanka ba, ba ta kuma san yaushe ake rage murya ba.

Kakanninmu fatake ba haka suka yi ba, kuma da sun yi haka da Hausar ba ta kai inda ta kai ba. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja ɗauko goro yakan yi watanni a hanya, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu da ta Gurma da ta Dagomba kafin ya isa Salaga. A kowane zango sai madugu ya gaida sarkin gari, ya san abin da ake biya na fito, ya san abin da mutanen wurin ke ƙi da abin da suke so. A Salaga kuwa akwai mai gida, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta da dillanci, ya tsaya masa idan bashi ya shiga tsakani. Dukan wannan ciniki a kan amana tsakanin mutanen da ba uwa ɗaya ba uba ɗaya ba harshe ɗaya yake tafiya. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, a wannan makaranta ya yi karatu: ya zauna a Akara, ya yi fataucin goro ta jirgin ruwa zuwa Legas, ya yi hulɗa da mutanen bakin teku da Turawan kamfani, kafin gyaɗa ta ɗaga shi a Kano.

Malamai ma haka. Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Umaru Salaga ko Umaru Karaci, haifaffen Kano ne. Ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, daga baya ya koma Kete-Karaci, inda ya yi limanci da karantarwa har rasuwarsa a 1934. Ɗalibansa sun fito daga ƙabilu daban-daban na wannan yanki. Ya kuma zauna da Jamusawa biyu masu nazarin harshe, Krause da Mischlich, ya rubuta wa na biyun tarihi da al'adun ƙasar Hausa da ajami, rubuce-rubucen da har yau masana ke komawa gare su. Zama da baƙin bai rage masa komai a addininsa ba, kuma bai hana shi faɗin ra'ayinsa a kan mulkin Nasara cikin waƙoƙinsa ba. Ina kawo shi ne don masu tsoron cewa kusantar wanda ba naka ba zai narkar da kai. Wanda ya san kansa ba ya narkewa don ya sha shayi da baƙo.

Akwai kuma labarin da nake so kowane ɗan Arewa mai shirin tafiya Kudu ya sani. Magajin garin Inugu na farko da aka zaɓa, cikin shekarun 1950, Malam Umaru Altine ne, Bafulatani daga lardin Sakkwato. Fataucin shanu ya kai shi, ya zauna, ya auri 'yar ƙabilar Ibo, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe, mutanen gari suka jefa masa ƙuri'a. Ba a zaɓar baƙo ya shugabanci gari don yana da shanu. Sai an gan shi a wurin biki da wurin makoki, an ci abinci da shi, an gwada alkawarinsa an ga ya cika.

To, ta ina ake farawa? Ta gaisuwa, kuma a nan Bahaushe yana da jari tun daga gida, domin mu mutane ne masu doguwar gaisuwa: kwana, gajiya, iyali, aiki, sanyi, kwana biyu. Yarabawa sun kai mu a wannan, ko ma sun fi mu. Suna da gaisuwar safe, "e karo", da ta mai aiki, "e ku ishe", da ta wanda ke zaune a gida, da ta wanda ya dawo daga tafiya. Kuma kamar yadda ba ka ce wa dattijo "kai" sai "ku", su ma suna da wannan bambanci, kuma suna kula da shi ƙwarai. Yaron da ya yi wa babba magana da lafazin tsara ya zubar da mutuncinsa tun kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. A ƙasar Ibo ka riƙe "ndewo" da "kedu" da "dalu". A Kumasi ka riƙe "medase" ta godiya. A Yamai da Doso "fofo" za ta buɗe maka ƙofofi, a Maiduguri da Difa kuma "wushe". Bafulatanin da ke kawo muku nono shekara da shekaru yana yi muku Hausa, kun taɓa ce masa "jam wali"? Ba sai an je Kudu ake samun baƙon harshe ba. A Bauci da Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa akwai ɗaruruwan harsuna, masu su da yawa sun koyi namu, mu kuwa sau da yawa ko sunan harshen maƙwabcinmu ba mu sani ba. Wannan ya fi ba ni kunya a kan na Legas.

Za a yi muku dariya, wannan babu makawa. Harshen Bahaushe yana tuntuɓe a kan wasu sautuka, musamman irin "gb" da "kp" na Yarabanci da Ibo, kuma karin sauti yana juya ma'anar kalma a waɗannan harsuna kamar yadda yake yi a namu. Ku bari a yi dariyar, ku yi tare da su, ku ce a maimaita muku. Mafi yawan wannan dariya ta jin daɗi ce, kuma wanda ya gyara maka kalma yau ya zama malaminka. Gobe da kansa zai tare ka ya ji ko ka riƙe. Abota da yawa daga nan take tsirowa. Mafi kyawun malamai kuwa su ne tsofaffin mata na kasuwa da yara ƙanana, don su ba sa gajiya da maimaitawa, ba sa kuma juya maka zuwa Turanci don su nuna sun yi boko.

Bayan harshe sai al'ada, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna ba da niyya ba. Ɗauki goro. A wurinmu abin taunawa ne da na rabo a ɗaurin aure da suna. A gidan mutumin Ibo kuwa, idan ya fito maka da goro a faranti, ya karɓe ka ke nan a matsayin baƙo mai daraja. Ba a kai hannu a ɗauka a ɓare. Ana nuna shi ga mutanen da ke wurin, babba ya yi addu'a a kansa da harshensu, sannan a fasa a raba. Goron da suke wannan da shi ma ba irin namu mai ɓari biyu ba ne, nasu mai ɓari uku ne ko huɗu ko fiye. Saurayin da bai san wannan ba zai iya wulaƙanta mai gida alhali yana ganin ya kyauta. A ƙasar Asante, idan ka shiga taro za ka gaisa, daga hannun dama ake farawa a bi layi zuwa hagu, ba a tsallake kowa don a je ga babba. Makoki a wurinsu babban sha'ani ne, an fi yin sa ranar Asabar, da tufafi baƙaƙe da jajaye, kuma ana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Duk wannan ba a haifi kowa da saninsa ba. Matambayi ba ya ɓata: ka sami wani ɗan gari ka ce masa, "Gobe zan je gidan su wane, me ake yi, me ba a yi?" Ban taɓa ganin wanda aka yi wa irin wannan tambaya ya ji haushi ba.

Za ku kuma tarar da abubuwan da suka yi kama da namu har ku yi mamaki. Ba da abu da hannun hagu abin ƙi ne a Kano da Ibadan da Kumasi baki ɗaya. Akan na Gana suna sa wa yaro sunan ranar da aka haife shi, don haka Kofi da Ɗanjuma rana ɗaya suka zo duniya, Ama da Asabe ma haka. Irin wannan ƙaramin abu yakan ishi mutum biyu hirar dare guda.

Yanzu ga inda na san zukatanku ke tsayawa: addini. Yarinya za ta ce, idan namiji ya miƙo mini hannu fa? Saurayi zai ce, idan aka kawo giya, ko naman da ban san yankansa ba? Amsata ita ce abota ba ta neman ka bar ko ɗaya daga cikin iyakokinka, amma tana neman ka iya faɗinsu ba tare da ka ci fuskar mutum ba. Ki ɗora hannu a ƙirji, ki saki fuska, ki gaishe shi da sunansa, ki ce addininki ne ya hana, ba ƙyama ba ce. Kai kuma ka gaya wa mai gayyatarka tun kafin ranar cewa ba ka shan kaza, ba ka cin kaza, don kada matarsa ta wuni a murhu sannan ka ture kwanon a gaban baƙinta. Ka ci abin da ya halatta a cikin abin da aka kawo, ka yaba, ka yi godiya. Mutane suna girmama mai riƙe addininsa da fara'a. Abin da ba sa yafewa shi ne yatsine fuska da kallon ƙasƙanci. Kuma yadda kake so a ba ka wuri ka yi salla, haka za ka yi shiru idan abokin ɗakinka ya buɗe littafinsa yana ibadarsa.

Addinin ma ai bai bar mu babu jagora ba. Suratul Hujurati ta bayyana cewa sanin juna ne hikimar rarraba mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila. A majalisar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai Bilal mutumin Habasha da Salmanu mutumin Farisa da Suhaibu da ya tashi cikin Rumawa. Ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa koya cikin kimanin rabin wata. Lokacin da azabar Kuraishawa ta yi tsanani, wurin Najjashi, sarki Kirista a Habasha, ya tura sahabbansa neman mafaka. Wanda ya ce maka koyon harshen wani ko kyautata wa maƙwabci wanda ba Musulmi ba rauni ne na imani, ka tambaye shi inda ya karanta.

Ina roƙonku da babbar murya a kan sunaye. Kun san yadda ranku ke ɓaci idan aka kira ku da wata kalma guda a titin Legas ko Fatakwal, kamar ba ku da sunan yanka. To, mu ma muna da irin waɗannan laƙabai da muke jifan wasu da su, kun san su, ba sai na rubuta ba. Ku daina. Ku tambayi mutum sunansa, ku koyi faɗinsa daidai ko da zai ɗauke ku mako guda, kada ku yanke masa shi ko ku laƙaba masa na Hausa don sauƙinku sai in shi ya so. Kada kuma ku ruɗu da wasan barkwanci. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarabawa, gado ne mai tushe da ƙa'ida, kowane ɓangare ya san an ba shi izini kuma ya san inda ake tsayawa. Nijar ta riƙe wannan al'ada da muhimmanci har UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon ɗan Adam a 2014. Amma ɗaukar irin wannan tsokana ka kai wa wanda babu wasa tsakaninku, musamman a Facebook da TikTok inda dubban mutane ke kallo kuma ba a ganin murmushin mai magana, wannan zagi ne kawai.

Kada ku ɗauka wannan duka maganar jin daɗin zama ce kurum. Ƙasarmu ta sha ganin yadda saɓani tsakanin mutum biyu a kasuwa ke zama gobarar ƙabilanci, kamar yadda ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, inda aka rasa rayuka aka ƙone shaguna da gidaje. A irin wannan rana, wanda ke buɗe maka ƙofar gidansa ya ɓoye ka shi ne wanda ka je sunan ɗansa, ka duba shi a asibiti. A watan Yunin 2018, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, dattijo mai shekara sama da tamanin, ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Birom, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Da aka tambaye shi dalili, cikin abin da ya ambata har da cewa shekaru da dama da suka wuce Kiristocin wurin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. Alherin da aka shuka tun kafin a haifi yawancin waɗanda suka tsira, shi ya yi musu rana. Amurka ta karrama shi a 2019, amma a ranar da ya tsaya a ƙofar nan bai san za a yi ba.

Ba na ce muku duk wanda kuka miƙa wa hannu zai karɓa ba. Za ku haɗu da mai raina ku saboda hularku ko hijabinku, da wanda ya riga ya yanke hukunci a kanku daga abin da ya ji a labarai. Za ku haɗu da macuci, kamar yadda ake samunsa a unguwarku. Ku yi hattara da dukiyarku da mutuncinku a ko'ina. Abin da nake hana ku shi ne ku ɗora laifin mutum ɗaya a kan miliyoyin da suka haɗa harshe da shi, domin kun san zafin hakan idan aka yi muku. Kuma abota tana son a ba ta lokaci da ƙafa. Gaisuwar mako guda ba ta isa a ba ka sirri ba. Sai an ga ka dawo, ka sake dawowa, ka tuna sunan mahaifiyarsa da ba ta da lafiya, ka aika masa da naman layya, ka kira shi ranar bikinsa.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa a 1973, shekara uku bayan ƙare yaƙin basasa, don ɗan Sakkwato ya san Kalaba, ɗan Inugu ya san Katsina. Yau da yawa daga cikinku tun kafin a gama mako uku na sansani sun fara neman wanda zai mayar da su jiharsu. Idan akwai barazana ta gaskiya ga rai, ko rashin lafiya, ko aure, wannan uzuri ne, babu mai zargin ku. Amma idan tsoron baƙunta ne kawai da ƙyuyar cin abincin da ba a saba ba, ina roƙonku ku zauna ku cika shekarar. Ku nemi ɗaki cikin 'yan gari, ku sayi ƙaramin littafi ku riƙa rubuta kalma biyar kowace rana, ku je kasuwa ku gwada su. Ku da ke karatu a Masar da Indiya da Sin da Turkiyya, kada ku dawo da digiri alhali duk lambobin da ke wayarku na 'yan ƙungiyar ɗaliban jiharku ne. Ku kuma da kuke gida ba ku je ko'ina ba, akwai ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantar garinku, yana kwana shi kaɗai a ɗaki, bai san kowa ba, mahaifiyarsa tana can ba ta barci don an gaya mata babu zaman lafiya a Arewa. Ku je ku yi masa sallama yau, ku kai masa abinci, ku tambaye shi yadda ake cewa "sannu da zuwa" a garinsu.